Gadar saman itatuwa ta Kakum: a je da asuba, ko a haƙura da ganin dabbobi

Gandun dajin Kakum yana arewa da Cape Coast a ƙasar Ghana, tafiyar kusan kilomita 30 a mota. Kurmi ne mai faɗin murabba'in kilomita 375, kuma abin da ke kai yawancin baƙi can shi ne gadar igiya da aka buɗe a 1995. Gadoji bakwai ne a jere, tsawonsu gaba ɗaya kimanin mita 350, an ɗaure su daga wannan ƙatuwar bishiya zuwa waccan. A wasu wuraren tsakaninka da ƙasa ya kai mita 30 ko fiye.

Ginin yana da ƙarfi. Tsani ne na alminiyam aka shimfiɗa masa katako, wayoyin ƙarfe na riƙe da shi, raga ta tare gefe da gefe har zuwa ƙirji. Faɗinsa na mutum ɗaya ne. Yana lilo sosai, musamman idan na gaba ya yi sauri, don haka a bar tazara, a riƙe igiya da hannu biyu, a rataya waya a wuya. Kafin a kai gadar akwai hawan tudu na wajen minti 20. Mai ciwon gwiwa ya lissafa da wannan.

Amfanin gadar shi ne tana kai ka inda rayuwar kurmi take. A ƙasa duhu ne da laima, rana ba ta cika sauka ba. Furanni da 'ya'yan itace suna sama, shi ya sa birai, kurege, aku da manyan dangin cilakowa suke yini can. Daga dandamalin da ke jikin bishiyoyin za ka ga tsirran da ke zaune a kan reshe ba tare da saiwarsu ta taɓa ƙasa ba, da kurangar da ta naɗe kututture tana neman haske, da rimin da ya zarce kowa tsawo.

Sai dai wanda ya iso ƙarfe 11 na ranar Asabar, tare da motocin 'yan makaranta, ihu da hoto kawai zai samu. Birai suna kiwo ne da sanyin safiya, da sun ji hayaniya kuma sai su nausa ciki. Dabarar ita ce a shirya da jagora tun jiya a hau da misalin ƙarfe 6, ko a kwana a ɗakin da aka gina a kan bishiya. A tafi da madubin hangen nesa, mai lamba 8x42, wato mai ƙara girman abu sau takwas, ya wadatar, a zauna shiru a dandamali ɗaya rabin awa. Giwayen kurmi kuwa suna nan, amma kada wani ya yi maka alkawarin ganinsu.

A sa takalmi rufaffe mai kama ƙasa da dogon wando saboda kwarkwasa. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ya fi yawa, katakon yana santsi, madubi kuma yana yin gumi idan aka fito da shi daga mota mai sanyi. Kuɗin shiga ya bambanta tsakanin ɗan ƙasa da baƙo, hawan asuba kuma da nasa lissafin daban, a tambaya tun a ƙofa.