Na ba da tsohuwar miksata na yi ciko: abin da na gani bayan wata takwas

A wani kamu da muka yi a Ƙofar Ƙaura cikin hunturun da ya wuce na yanke shawarar rabuwa da miksata, na'urar da nake haɗa waƙoƙi da makirfo a cikinta in ina kiɗan biki. An fito da amarya, ƙawaye sun jeru, ina ɗaga fedar layi na biyu, wato abin da ake turawa sama da ƙasa don ƙara ko rage sauti, a hankali don kiɗa ya shigo ƙarƙashin muryar emsi, sai lasifikoki suka yi ƙarrr kamar an yaga sabon yadi. Na sauke, na sake ɗagawa, ta sake yi. Wata Hajiya daga dangin ango ta waiwayo ta dube ni. Ba ta ce uffan ba, amma duk wanda ya taɓa tsayawa bayan teburin kiɗa ya san wannan kallon. Da layi na uku da na huɗu na ƙarasa taron.

Pioneer DJM-800 ce. A 2006 kamfanin ya fito da ita, ni kuma na saye ta tokumbo a 2015, lokacin da na bar hannun maigidana na fara karɓar biki da kaina. Ke nan ta riga ta yi wa wani bauta a ƙasar waje kafin ta iso Katsina, sannan ta yi mini kusan shekara goma. Ta je Batagarawa da Rimi da Mani da Dutsin-Ma, a bayan a-kori-kura da cikin keke, ta sha ƙurar hunturu, ta sha zafin bazara, sau biyu yayyafi ya taɓa ta kafin mu ja tamfol. Duk tsawon wannan lokaci ba ta taɓa mutuwa a tsakiyar aiki ba.

Washegari na kai ta wurin mai gyaran da nake kai wa amfilifaya, can wajen Babbar Kasuwa. Da ya kwance murfin, ƙura ta kwanta a ciki kamar an barbaɗa garin kuka. Ya nuna mini yadda abin yake: a cikin kowace feda akwai wani siririn layi baƙi da ɗan ƙarfe ke gogawa a kai, in ƙura ta shiga tsakani sai ta riƙa kankare shi, shi ne ƙarar da ake ji. Ya gargaɗe ni kuma a kan abin da wasunmu ke yi na fesa man inji ko fetur a ciki, ya ce wannan ke ƙarasa kashe ta. Sannan ya ce, "Maigida, feda biyu ne suka cinye, sai maɓallin sauraro guda. Sauran lafiya lau take. Mi zai sa ka rabu da ita? Bari in sa a kawo daga Legas, sati biyu ka zo ka ɗauka."

Sati biyun nan ne suka tsaya mini a rai. Lokacin ana gab da azumi, kowa na son ya aurar kafin a ga wata, kuma na riga na karɓi kafin alƙalamin biki biyar. Ga shi na daɗe ina kallon sababbin miksoci a Facebook da YouTube, raina ya riga ya biya. Ranar Litinin na sa ta a jaka na hau motar Kano.

A Sabon Gari na yi musayar, a wani shagon kayan sauti. Wanda bai taɓa irin wannan ciniki ba ya sani cewa mai shago ba ya sayen tarihin kayanka. Ya jona ta, ya bi fedojin ɗaya bayan ɗaya, duk inda ya ji ƙara sai ya girgiza kai ya rage kuɗi. Ya nuna fentin da ya goge a gefen maɓallai, ya rage. Ya ce ai ba ta da kafar USB, yaran yanzu ba sa nemanta, ya sake ragewa. Ba zan ce ya cuce ni ba, shi ma sai ya gyara kafin ya sayar, kuma riba ta zaunar da shi a shago. Amma da aka buga lissafi, cikon da na yi ya kai abin da nake samu a biki shida, alhali gyaran da aka yanka mini a Katsina bai cika kuɗin biki ɗaya ba. Na dawo da DJM-750MK2, ita ma tokumbo amma mai tsabta, kamar ba a taɓa murza ta ba. Ƙirar 2017 ce, wato shekara goma sha ɗaya tsakaninta da tsohuwar.

Zan fara da abin da ta yi mini na alheri, don yana da yawa.

Babba a ciki shi ne haɗa kwamfuta. Ita DJM-800 an yi ta ne a zamanin faifan CD, saboda haka in za ka yi kiɗa daga laftof sai ka sa wani ƙaramin akwatin sauti a tsakani, daga shi kuma ka ja wayoyi ja da fari zuwa bayan miksa. Shekaru ina fama da wannan akwati. In wayar ta ɗan motsa, lasifikar gefe ɗaya ta yi shiru. In na jona cajar laftof ga janareto, sai wani gurnani ya taso a ƙasan kiɗa, wanda ba a jin sa sai an yi tsit don addu'a, lokacin da ya fi kowane muni. Sabuwar tana da katin sauti a cikinta. Na sauke manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta sau ɗaya, na buɗe VirtualDJ, manhajar da nake kiɗa da ita, waya guda ta USB ta ɗauke duk wancan tarkacen. A wajena gurnanin ya tafi, kuma yarona da ke haɗa kaya yanzu yana gamawa kafin a gama jera kujeru.

Sai fedar tsakiya, wadda ake tsallakawa da ita daga waƙa zuwa waƙa. Ta sabuwar da maganaɗisu take aiki, Magvel suke kiranta, babu ƙarfen da ke gogar wani abu balle ƙura ta ci. Ga wanda ke aiki a garin da iska ke ɗauko rairayi tun daga Nijar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a lura, ta tsakiyar ce kaɗai haka, kuma mu masu kiɗan biki fedojin layi muka fi wahalarwa. Don haka har yanzu ina rufe ta da zane da zarar an tashi, ina kuma bin ta da busasshen buroshi duk dare.

Akwai kuma wani ɗan makunni da ke sauya yadda maɓallan gyaran sauti ke yanka. A tsohuwar, ko ka murɗe bes har ƙarshe, ana ɗan jin sa a ƙasa. A sabuwar kana iya kashe shi ɗungurungum. Na ji daɗin wannan a lokacin liƙi: in abokan ango sun shigo fili, sai in ɗauke bes ɗin gaba ɗaya a bar muryar mawaƙi da tafi, emsi ya kira sunan wanda ke liƙi, sannan in sako shi a kan gaɓa. Fili yakan ɗauka. Tana da kafar hedfon biyu, babba da ƙarama, kuma ta fi tsohuwar sauƙin ɗauka. A bayanta an rubuta tana karɓar wuta mai ƙarfin volt 110 zuwa 240, abin da ya kamata duk mai sayen tokumbo ya duba da idonsa, don kayan da aka yi wa kasuwar Amurka wasu 120 kaɗai suke ɗauka, mu kuma tamu 230 ce. Duk da haka ban taɓa jona ta ga janareto ba sai ta bayan sitabilaiza.

To, sai Daura.

Sati uku da musayar aka kira ni wunin biki a can. Muka bi ta Mashi muka isa da hantsi, muka kafa kaya a ƙofar gida. Gidan masu sarauta ne, don haka ban da emsi akwai maroƙin gidan, dattijo, wanda shi zai yi wa iyaye da kakanni kirari in sun fito. Na miƙa wa emsi makirfo, na ɗauko na biyu zan jona, na duba sama na duba baya. Kafar makirfo ɗaya ce tak. Tsohuwar biyu gare ta, kuma na saba da hakan har ban taɓa tunanin in ƙirga ba a shagon.

Na gwada sa shi a kafar layi, murya ta fito can ƙasa kamar daga rijiya, don makirfo mai waya ba shi da ƙarfin da wannan kafa ke bukata. Na gwada kafar garmaho, ta fito a toshe, bes ya yi mata yawa. Dattijon yana tsaye yana jira. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, sai dai ku riƙa karɓa-karɓa da shi." Ya ce, "Ba komai, yaro, mun yi kirari tun ba a san lasifika ba." Haka aka yi wunin, makirfo ɗaya na yawo tsakanin hannu biyu, kuma sau da dama kafin ya isa hannun Baba wadda za a yi wa kirarin ta riga ta zauna. Shi bai nuna damuwa ba. Ni abin ya tsaya mini har muka dawo gida, domin a irin wannan gida kirarin nan ya fi duk waƙar da zan sa muhimmanci.

Ban ɗora wa na'urar laifi ba. An ƙera ta ne don gidan rawa, inda mutum ɗaya ke haɗa waƙoƙi, in ya yi magana sau biyu a dare ya yi da yawa. Bikinmu kuwa rabinsa magana ce: addu'a, nasihar iyaye, sanarwar gudummawa, kirari, kiran ƙawaye, cigiyar yaron da ya ɓata. Yanzu dabara biyu nake yi. In makirfo marar waya ne, akwatinsa na fitar da sauti mai ƙarfi, sai in sa shi a layi na huɗu ya zauna daidai, amma makunnin da ke rage kiɗa da kansa in ana magana ba ya jin wannan layin, sai na riƙa saukewa da hannu. In taron babba ne kuma, ina tafiya da wata ƙaramar miksa ta makirfo da na saya daga baya. Ka ga tarkacen da na rage ta gaba ya dawo ta baya, ga ƙarin kuɗi a kan cikon.

Maganar daɗin sauti, wadda ita aka fi tambayata, gaskiya ban ji bambancin da zai sa a yi musaya ba. A ɗaki, da hedfon, wataƙila sabuwar ta ɗan fi wankewa. A takarda ma tsohuwar ba ta baya: a ma'aunin ɗaukar sauti 96 kHz take aiki, sabuwar 48. Amma mu duba inda muke kiɗan. Fili ne a buɗe, janareto na ruri a bayan katanga, lasifikokin an sha naɗe musu koyil, waƙar kuma an turo ta ta WhatsApp ko Xender ta bi waya biyar kafin ta iso gare ka. A haka babu wanda zai ce ga ranar da ka canza miksa. Cikin wata takwas mutum ɗaya ne ya lura, shi ma wani abokin sana'a ne da ya leƙo teburin. Da kuɗin nan na zuba a lasifikar bes guda biyu masu kyau, da kowa ya ji.

Su ƙawata sauti ma haka. Tace sauti da amsa-kuwwa su ne nake taɓawa, kuma duka biyun suna nan a tsohuwar. Sauran na gwada su a gida na bar su.

Saboda haka in abokin sana'a ya tambaye ni, sai in fara tambayarsa irin aikin da ya fi samu. Wanda ke yin dina a zauren taro, ko shagalin ɗalibai, komai nasa a laftof yake, kuma akwai mai kula da makirfo daban, DJM-750MK2 za ta yi masa daidai, zan ce ya saya ba tare da fargaba ba. Wanda kuwa abincinsa na ƙofar gida ne, kamu da wuni da suna, kuma tsohuwarsa feda kawai ta ci, ya gyara abarsa. Ya nemi feda ta asali ko da ta fi tsada, don jabun ba sa kai hunturu biyu. In lallai ransa na son sabuwa, ya daure ya tara kuɗin ya saya, ya ajiye tsohuwar a gefe. Abin da za a ba shi a musaya bai kai amfanin samun ta biyu a mota ba ranar da wani abu ya faru a Daura ko Jibiya, inda babu wanda zai ara maka cikin minti goma. Kuma kafin ya ba da ko sisi, ya juya bayan na'urar ya ƙirga kafofin da yatsa, ya tafi da makirfonsa da laftof ɗinsa shagon a gwada a gabansa.

Maigidana, wanda ya koya mini sana'ar, ya zo ya ga sabuwar bayan sallah. Ya shafa ta, ya yaba, ya ce tubarkalla. Sannan ya tambaye ni ina waccan. Da na gaya masa sai ya ce, "Da ka faɗa mini, ai da na ba ka aron tawa sati biyun."

Watan jiya na shiga Kano sayen waya, na biya ta shagon na tambaya ko tana nan, da niyyar in farashin bai yi nisa ba in dawo da ita. Mai shagon ya ce ko sati ba ta yi ba. Ya canza mata feda biyu, wani mai kiɗan biki daga Gumel ya ɗauka.