Gargaɗi ga masu fatsa a Legas: ana sayar da igiyar jabu a kwalin ta asali

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu su da masu tuƙa jirgin baƙi a Legas. Ni mutumin Yawuri ne, a bakin Kwara na tashi, kuma yau shekara tara ina fita da masu fatsar nishaɗi daga Ikoyi zuwa mashigar teku. An cuce mu, mu huɗu, kuma wanda ya cuce mu yana nan yana talla a WhatsApp da Facebook, ya dai canza lamba.

Igiyar fatsar ƙuda yake sayarwa. A fatsarmu ta gida dalma ce ke jan zare idan ka wurga. A wannan babu dalma. Ƙugiyar da aka ɗaure da gashin tsuntsu don ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi ba ta da nauyin komai, saboda haka igiyar ce da kanta ake jefawa, ita ke ɗaukar ƙugiyar ta kai ta gaban kifi. A cikinta akwai saƙaƙƙen zaren nailan, an lulluɓe shi da roba, kuma a cikin robar mai yawo a kan ruwa akwai ƙananan ƙwayoyin gilashi masu iska da ido ba ya gani. Gabanta ya fi kauri da nauyi, bayanta siriri. Idan nauyin nan bai dace da sandar ba, ko sandar miliyan ce a hannunka ba za ka yi jifan kirki ba. Ta asali kuwa a Amurka tana kai dala 100, wata ma ta wuce, shi ya sa duk wanda ya ji araha kunnensa ke tashi.

Wani abokin aikina ne ya turo mini hotunan tallar. Na kira mutumin, ya amsa da Hausa tsantsa, yana ce mini ɗan'uwa, ina ce masa Alhaji. Ya ce kayan wani bature ne da ya rufe shago, an kwaso su ta Apapa, zai ba mu kowace a kan naira 35,000 saboda zumunci. Ya rantse har sau uku. Na ce in zo shago in duba, ya ce kayan suna sito, mai makulli ya yi tafiya. Muka haɗa kuɗin guda huɗu muka tura a wani asusu mai sunan da ba nasa ba, wai na ƙaninsa ne. Washegari mai babur ya miƙo mini leda a Obalende. Kwalayen fes, da sunan babban kamfani, da lambar WF8F, wato mai nauyi a gaba, lamba 8, mai yawo a kan ruwa, an kuma rubuta cewa ta ruwan gishiri ce a ƙasa mai zafi.

Ranar Asabar na ɗaura ɗaya don wani baƙo da ya daɗe yana fita da ni. Da sassafe kifaye suna ta fasa ruwa kusa da duwatsun Takwa Be da ke mashigar teku, bai fi taku ashirin daga jirgi ba. Mutumin nan ya iya jifa, amma ya kaɗa sanda ya sake kaɗawa, sandar ta ƙi lanƙwasa, igiyar ta zube a gaban jirgi kamar taliya. Na karɓa na gwada, haka. Kafin azahar rana ta buɗe, igiyar da ke kwance a cikin jirgi ta yi laushi tana danƙo, tana manne wa zoben sanda, tana ƙulle kanta. Baƙon bai ce mini komai ba, ya dai naɗe sandarsa, kuma tun ranar bai sake kirana ba. Wannan ya fi kuɗin ciwo a raina.

Cikin sati uku robar ta tsattsage. Idan ka lanƙwasa ta a yatsa sai ka ga ƙananan tsaga sun buɗe baki, datti ya cika su baƙi ƙirin. Ruwa ya shiga zaren ciki, bakin igiyar ya fara nutsewa. Na sa farce na kankare, robar ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Igiyar kirki da ake wankewa da ruwan daɗi bayan kowace fita tana yin shekaru a hannuna.

Abin da ya tona asirin shi ne sikeli. Tun 1961 masu ƙera kayan fatsa a Amurka suka tsayar da ƙa'ida cewa lambar igiya tana bin nauyin ƙafa 30 na farkonta, wato mita 9 da ɗan kai. Lamba 8 tana da kusan giram 13.6, lamba 5 kuma giram 9. Wasu kamfanoni kan ɗan ƙara nauyi da gangan don jifa ya yi sauƙi, amma ba sa ragewa haka. Na auna ƙafa 30 daga sababbi biyu da ba mu taɓa ba, na naɗe, na kai wa wani mai zinare a kasuwar Balogun ya ɗora. Ɗaya giram 9, ɗaya 10 da rabi, alhali kwalayensu iri ɗaya ne. Igiyar ƙananan kifin rafi ce mai arha aka zuba a kwalin babba.

Da na kira wanda ya sayar mana sai ya ce, "Haba ɗan'uwa, zafin Legas ne, ko kuma fetur ya taɓa ta." A nan wayonsa yake, domin yana fakewa da abin da yake gaskiya. Igiyar da aka yi don ruwan sanyi tana saki a zafinmu, kuma fetur da maganin sauro na shafawa suna cin robar. Amma kwalinsa ya ce ta zafi ce, kuma biyun da aka auna ko ruwa ba su gani ba. Na tura masa hoton sikelin. Daga nan layinsa ya mutu.

Don Allah duk wanda aka yi wa wannan talla, kada ya tura ko sisi sai igiyar tana hannunsa a buɗe. Ka ja ta tsakanin yatsu daga baki zuwa ƙarshe, za ka ji inda ta yi kauri da inda ta sirance, ta jabu sau da yawa kusan kauri ɗaya ce ko mai ƙulu-ƙulu. Ka shimfiɗa ta a rana na rabin awa ka taɓa. Ka kai ta sikeli. Mai kayan gaskiya ba zai hana ka ba, kuma idan sunan asusu ya saɓa da sunan mai magana, ka tsaya nan.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda da shaidar tura kuɗin, mun kuma sanar da banki. Jiya wani yaro mai jirgi a Epe ya nuna mini sabon talla a wayarsa. Hotunan nan ne dai, a kan jar darduma ɗaya, sai dai yanzu ya ƙara da sanduna, kuma ya ce kayan daga Dubai suka zo.