ABB OT250: makunnin hannu don injinan casar shinkafa a Gombe

OT250 makunnin lantarki ne na kamfanin ABB, mai layi uku, amfiya 250, wanda ake kashewa da hannu ko da inji na aiki. Sifirin (spring) ɗin cikinsa ne ke yanke layukan farat ɗaya, don haka sanyin hannun ma'aikaci ba ya barin tartsatsi ya cinye ƙarfen. Ƙa'idarsa IEC 60947-3 ce, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta irin waɗannan makunnai. Ga motar lantarki mai juya inji, a duba amfiyar da ke ƙarƙashin lambar AC-23A (ajin aikin mota) a wutar bolt 415, kada a tsaya a AC-22A (ajin aikin da bai kai na mota nauyi ba).

Hannunsa na ɗaukar kwaɗo uku don a kulle shi a kashe, kuma ƙofar akwatin ba ta buɗuwa in yana kunne. Wannan kaɗai ya biya kuɗinsa.

Sai dai ba ya yanke wuta da kansa. In waya ta haɗu, yana nan zaune, dole a sa fis ko bireka a gabansa. Wani abin da ke ƙona shi kuwa shi ne notin da bai ɗauru ba: bakin waya ya yi zafi, robar ta yi baƙi, layi ɗaya ya ɗauke, mota ta ƙone. Ƙurar ƙaiƙayi da ta hunturu na ƙara ta'azzara abin, sai akwati mai IP65, wato wanda ƙura da feshin ruwa ba sa shiga.

A kiyayi jabu, a nemi dila mai rasit.