Kundin alƙalan tarayya na Amurka, an auna shi da rayuwar Constance Baker Motley

Duk mai binciken tarihin wani alƙalin kotun tarayya a Amurka, da wuya ya gama aikinsa bai leƙa kundin da Cibiyar Shari'a ta Tarayya ke kula da shi a shafinta na fjc.gov ba. Majalisar dokokin ƙasar ce ta kafa cibiyar a 1967, kuma kundin ya tattaro alƙalan da shugabannin ƙasa suka naɗa a kujerun da ake riƙewa har ƙarshen rai, tun daga 1789 zuwa yau, ciki har da na kotunan gunduma, inda ake fara sauraron ƙararrakin tarayya. Ba a biyan ko sisi, ba a yin rajista, ana iya nema da sunan alƙali ko kotu ko shugaban da ya yi naɗin, kuma mai son lissafi yana iya sauke bayanan baki ɗaya zuwa kwamfutarsa.

Domin in ga iyakar amfaninsa, na auna shi da Mai Shari'a Constance Baker Motley, baƙar fata mace ta farko da ta zama alƙaliyar tarayya. Ta fuskar kwanan wata babu abin kushewa. An haife ta a New Haven a 1921, ta kammala karatun lauya a Jami'ar Columbia a 1946, Shugaba Lyndon Johnson ya miƙa sunanta a watan Janairun 1966, Majalisar Dattawa ta amince a ranar 30 ga Agusta, ta shugabanci kotun Gundumar Kudancin New York daga 1982 zuwa 1986, ta kuma rasu a 2005. Duk wannan yana nan a jere, a shafi guda.

Sai dai wanda ya dogara da wannan shafi kaɗai zai tashi bai san matar ba. Wata bakwai da suka shige tsakanin miƙa suna da amincewa suna nan a rubuce, amma ba a faɗi cewa Sanata James Eastland na Mississippi, shugaban kwamitin shari'a a lokacin, shi ne ya riƙe batun yana jifanta da zargin kwaminisanci ba. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne, domin ita ce lauyar da ta tsaya wa James Meredith har ya shiga Jami'ar Mississippi a 1962, ya zama baƙar fata na farko da ya yi karatu a cikinta. Shekaru kusan 20 da ta yi a asusun kare haƙƙi na ƙungiyar NAACP mai fafutukar 'yancin baƙar fata, inda ta gabatar da ƙararraki 10 a gaban Kotun Ƙoli ta yi nasara a 9, layi ɗaya tak aka ba su. Haka nan babu ambaton hukuncinta na 1978 a ƙarar 'yar jarida Melissa Ludtke, wanda ya hana a rufe wa mata 'yan jarida ƙofar ɗakin sauya kaya na 'yan wasan Yankees, ƙungiyar ƙwallon baseball ta New York, alhali ana buɗe wa maza.

Ina ganin cibiyar ta yi hakan da gangan ne, kasancewarta hukumar ɓangaren shari'a da ba ta son a ce ta fifita wani hukunci a kan wani, kuma uzuri ne mai karɓuwa. Duk da haka, da an liƙa wa kowane alƙali hanyar da za ta kai mai karatu ga hukunce-hukuncensa, da an rage wa ɗalibai wahala. A halin yanzu sai mutum ya koma CourtListener, shafin da ke tattara hukunce-hukuncen kotuna, wanda shi ma kyauta ne, ko kuma PACER, rumbun takardun kotunan tarayya a intanet, wanda ke cajin santi 10 a kowane shafi kuma ƙarfinsa yana kan ƙararrakin zamanin kwamfuta. Ga ɗan jarida ko ɗalibin lauya da ke son tabbatar da shekarar naɗi kafin ya buga rubutu, kundin ya wadatar, da sharaɗin yana karanta Turanci, domin da shi kaɗai aka rubuta shi.