Waƙoƙin reluwe da na mahaƙa kwal ko bidiyon Billy Elliot? Ga wanda za ka saya

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambayi wanne za ka saya tsakanin tarin tsofaffin waƙoƙin ma'aikatan jirgin ƙasa da mahaƙa kwal, da bidiyon wasan dandali na Billy Elliot. Ɗauki waƙoƙin. Duka biyun suna hannuna. Ɗaya ba ya fita daga mota, ɗayan kuwa yana ƙasan durowa yana shan ƙura.

Faifan waƙoƙin reluwe nawa na kamfanin Smithsonian Folkways ne, sunansa Classic Railroad Songs, ya fito a 2006. Wani mutum, Moses Asch, shi ya kafa Folkways a New York a 1948, yana naɗar muryoyin talakawa, daga baya Smithsonian, cibiyar gidajen tarihi ta Amurka, ta karɓi taskar a 1987. Dalilin da ya sa na ce ka nemi nasu shi ne ɗan littafin bayanin da ke biye da faifan. Turancin da yawa daga mawaƙan nan na ƙauyukan kudancin Amurka ne, suna haɗiye rabin kalma, ko mai digiri sai ya kasa kunne sosai. Littafin ne zai gaya maka wa ya yi waƙar da abin da ya faru aka yi ta, kuma ana sauke shi kyauta a shafinsu.

Irin waɗannan waƙoƙi labarai ne masu suna da rana da wuri. Ɗauki ta Casey Jones. Direban jirgin fasinja ne na kamfanin Illinois Central. Daren 30 ga Afrilu 1900 ya taso daga Memphis a makare, yana zabga gudu don ya cike lokaci, sai ga taragun wani jirgin kaya a kan layinsa a Vaughan ta jihar Mississippi. Ya ce wa mai zuba wa injin kwal, Sim Webb, ya dira, shi kuma ya tsaya riƙe da birki. Shi kaɗai ya mutu a hatsarin. Wanda ya fara rera masa waƙa ba wani shahararren mawaƙi ba ne, Wallace Saunders ne, baƙar fata mai goge injina a tasha, wanda ya san shi ido da ido. Haka ta Old 97, jirgin wasiƙu da ya faɗo daga gada a Danville ta Virginia ranar 27 ga Satumba 1903, mutum 11 suka mutu. Shi ma makara ce ta jawo gudun, don ana cin kamfani tara idan wasiƙu suka yi latti.

Ta John Henry ce ta fi shiga raina. Aikinsa dukan dogon ƙarfe da guduma, a huda dutse a cusa nakiya, don a fasa wa layin dogo hanya ta cikin tsauni. Labarin da ake bayarwa shi ne kamfani ya kawo injin huda mai aiki da tururi, ya yi gasa da shi, ya ci, sannan ya faɗi ya mutu da guduma a hannu. Masana suna ja-in-ja kan ainihin inda aka yi, amma mutanen Talcott a West Virginia sun kafa masa mutum-mutumi kusa da ramin Big Bend da aka fasa a farkon shekarun 1870.

Ina da kawu da ya yi ritaya daga reluwe a Zariya, tun yana gyaran layi har ya zama helima. Ba ya jin Turanci sai na wurin aiki. Wata rana na ɗauko shi daga asibiti faifan na ci, na kai hannu zan kashe don girmamawa, ya ce bar shi. Waƙar masu daidaita layi ce ake yi, ɗaya na bayarwa sauran na amshi. Sai na ga yana buga tafin hannu a gwiwa daidai inda muryar ke yankewa. Ya ce, "Wannan ai waƙar aiki ce. Ka ji nan? Nan ne kowa ke danna ƙarfensa a tare. In mutum ɗaya ya riga ko ya yi baya, layin ba zai motsa ba." Kamar dai lugude, in taɓarya ɗaya ta saɓa sai a yi karo. Muna isa gida bai fita ba sai da waƙar ta ƙare, ya kuma sa na zuba masa ita a waya.

Na mahaƙa kwal daban na tattara su, kai ma haka za ka yi. Fara da Sixteen Tons ta Merle Travis, ɗan mahaƙin kwal daga Kentucky, wadda Tennessee Ernie Ford ya sake yi a 1955 ta game duniya. Tana magana ne a kan kantin kamfani: gidan da kake ciki na kamfani, albashi a ba ka takarda ko kwabban kamfani da ba sa ci ko'ina sai a kantinsa, farashi kuma su suka yanka. Mutum ya wuni a rami, wata ya ƙare bashi ya ƙaru. Sai Which Side Are You On ta Florence Reece, matar wani jagoran ƙungiyar ƙwadago a Harlan ta Kentucky, wadda ta tsara a 1931 bayan 'yan sandan yankin sun zo sun birkice mata gida suna neman mijinta. In ka ƙetara Birtaniya akwai ta bala'in Gresford a Wales, inda rami ya yi bindiga ranar 22 ga Satumba 1934 mutum 266 suka hallaka. Waƙar ba ta ɓoye zarginta ga masu ramin ba.

Shi kuwa Billy Elliot, to, ba laifi. An fara shi a Landan a 2005, Elton John ya yi kiɗan, an naɗi bidiyonsa a dandali a 2014. Yajin aikin mahaƙa kwal na 1984 zuwa 1985 ne a yankin Durham na Ingila, lokacin da Firayim Minista Margaret Thatcher da shugaban ƙungiyar mahaƙan, Arthur Scargill, suka sa zare shekara guda cur, amma labarin na yaro ne mai son rawa, yajin yana can baya. Wurin da mahaƙan suka koma rami da fitilu a goshi bayan an karya su ya taɓa ni. Sauran kusan awa uku ne, ashar ba adadi, ga wani yanki da yara maza ke rawa da kayan mata, don haka ba abin kunnawa a falo gaban yara ko surukai ba ne. Sau ɗaya na kalla, kuɗina da ciwo.

Kada a ce na raina dandali gaba ɗaya. A nan gida, bayan 'yan sandan mulkin mallaka sun harbe mahaƙa kwal 21 a Iva Valley ta Enugu ranar 18 ga Nuwamba 1949, Hubert Ogunde, shahararren ɗan wasan dandali na ƙasar Yarabawa, ya shirya wasa mai waƙa, Bread and Bullet, kuma zafinsa ya kai har hukuma ta hana nuna shi a Kano. Amma ba shi ka tambaya ba.

Sai maganar da ba ka nema ba. Masu tura waƙa a memori da filash sun iya cika baki, "ai duka akwai, Alhaji." Da yawa abin da suke zubawa kwashe-kwashe ne daga YouTube, sunayen a hargitse, wata waƙar a yanke, yanzu ma har da waɗanda kwamfuta ta ƙirƙira aka liƙa musu sunan tsohon mawaƙi. Tsohon naɗi yana da ɗan shuu a bayansa, muryar tana da tsatsa, kayan kiɗan sau da yawa bai wuce jita ko banjo ba. In ka ji komai sumul da ganguna, ajiye masa kayansa. A ɓangaren Billy Elliot kuma akwai fim na 2000 mai wannan suna, wanda aka gina wasan a kansa, wasu sai su miƙa maka shi a matsayin na dandali, ko su ba ka wanda aka ɗauka da waya daga kujerar baya, kawunan mutane na gilmawa. Masu cewa ka tura kuɗi tukuna su aiko maka ta WhatsApp, kar ka ma amsa musu.

Mafi sauƙi, shiga shafin Folkways ka saurari ɗanɗanon kowace waƙa, ka sauke littafin, sannan ka saya daga wurinsu ko ka ji a Spotify. In dole sai a kasuwa, a kunna maka ta farko da ta tsakiya da ta ƙarshe a gabanka kafin ka zaro kuɗi.