Na karanta Chaucer a zube: labarin ya iso, kiɗan ya tsaya a hanya

Sau biyu ina ɗaukar The Canterbury Tales, littafin labarai na marubucin Ingila Geoffrey Chaucer, da Turancinsa na asali ina ajiyewa. Turancin shekara 600 da suka wuce ne. Ka ga kalma kamar ka santa, ka duba bayanin ƙasan shafi, ka tarar wani abu daban take nufi. Kafin in gama shafi ɗaya shayina ya huce. A azumin bana ne wani abokina ya ara mini wanda Peter Ackroyd ya sake zubawa da Turancin yau, a zube, wanda ya fito a 2009. Cikin kwana tara na cinye shi, yawanci tsakanin sahur da asuba.

Geoffrey Chaucer ya fara aikin wajen 1387, ya rasu a 1400 bai kammala ba. A cikin littafin, matafiya 29 ne suka haɗu a wani masauki a Southwark, kudu da kogin Landan, za su ziyarci kabarin Thomas Becket, babban limamin cocin da aka kashe a Canterbury a 1170. Mai masaukin ya zama madugu, ya ce kowa ya ba da labari biyu a tafiya, biyu a dawowa, wanda ya fi iyawa a ciyar da shi kyauta. Labari 24 kawai Chaucer ya bari, ayarin ma bai dawo ba.

Abin da zuben ya ba ni shi ne mutanen. Da ina fama da kalmomi ban taɓa lura cewa rigima suke yi da juna ba. Wani jarumi a ayarin na gama labarinsa na mutunci, sai mai niƙa, a buge, ya yi tsalle ya ce shi ma sai ya faɗi nasa, ya kawo na wani kafinta da matarsa ta ci amanarsa. Wani tsohon kafinta a ayarin ya ji haushi, ya rama da labarin mai niƙa ɓarawo. Kamar dai cacar bakin 'yan tasha. Sai wata mata 'yar garin Bath, mai aure biyar, wadda ta fi daɗewa tana ba da tarihin mazajenta fiye da labarin da ta zo bayarwa. Na yi dariya har uwargida ta leƙo ta tambaye ni lafiya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na mashaya uku da suka fita neman Mutuwa su kashe ta. Wani tsoho ya nuna musu gindin wata bishiya, suka tarar da tulin zinariya. Aka aiki ƙaraminsu cikin gari ya sayo abinci da giya, ya zuba guba a ciki, su kuma biyun suka shirya masa wuƙa. Babu wanda ya tashi daga gindin bishiyar. Na taɓa jin irinsa a wa'azi tun ina yaro. Abin dariyar, mai ba da labarin kansa ɗan damfara ne mai sayar da takardun gafarar zunubi, yana rufe baki ya fara tallar hajarsa.

To amma an yi asara, kuma duk wanda ya taɓa jin an rera rubutacciyar waƙar Hausa zai gane ta. Chaucer ya tsara mafi yawan labaran ne da layuka masu gaɓa goma, bibbiyu suna amsa amo. Sau da yawa zolayar tana cikin kalmar ƙarshen ne, wadda kunne ke jira. Zube ya kawar da jiran nan. Buɗewar littafin, inda ruwan Afrilu ke jiƙa ƙasa, tsuntsaye na kuka, mutane na jin marmarin tafiya, jimla ɗaya ce mai layi 18 da ake ja da numfashi guda. A zube ta koma bayanin yanayi.

Gargaɗi ɗaya: akwai batsa, kuma ba a lulluɓe ta ba. Tana nan tun a asali, tsohon Turancin ne ke sakaya ta ga irinmu. Kada a bar shi inda yara za su ɗauka.

Da na mayar wa abokina littafinsa, na zaro tsohon nan na asali daga kanta. Yanzu da na san wa ke magana da abin da zai faru, ina karanta shafi biyu kullum da babbar murya. Ina kan labarin zakaran da yanyawa ta yaudara da kirari har ya rufe ido yana cara.