Soya sos ko daddawa: abin dubawa kafin ki biya kuɗi a Kasuwar Wuse

Duk mai girkin biki a Abuja ta san yadda kwalaben soya sos suka cika shagunan Wuse da Utako. Iri biyu ne: kalarsu ɗaya, amma aikinsu a tukunya ya sha bamban.

Na farko shi ne wanda aka tsima. Ana dafa waken soya, a haɗa da gasasshiyar alkama, a barbaɗa musu wata funfuna da Japanawa ke kira koji, masana kuma Aspergillus oryzae. Ita ke narka furotin ɗin wake ya saki gulutamet, sinadarin daɗin nan da masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano a 1908. Daga nan sai a zuba ruwan gishiri a bar shi watanni. Shi ya sa ƙamshinsa ke da zurfi, kuma ɗan kaɗan ya ishi tukunyar soyayyar shinkafa. Na kamfanin Kikkoman irinsa ne. Juya kwalbar ki karanta: ruwa, wake, alkama, gishiri, shi ke nan. Da tsada kam, amma ni shi nake saya. Sai dai 'yar'uwa, tsimin yakan bar ɗan burbushin giya, don haka ki nemi mai tambarin halal.

Na biyu da asid ake narka waken cikin 'yan kwanaki, a rina shi da ƙonannen sukari. In kin ga an rubuta "hydrolyzed" a jiki, shi ne. Araha gare shi, yana baƙanta shinkafa, amma gishiri kawai harshe ke ji. Na taɓa ɓata naman suna da shi, har yau abin na ci mini rai.

Daddawarmu ta kalwa fa? Ita ƙwayoyin bakteriya ne ke ruɓar da ita, amma daɗin gida ɗaya ne da na koji. A miyar kuka ko kuɓewa babu kwalbar da za ta kama ƙafarta. Ki zaɓi busasshiya wadda ba ta da yashi.

Kada ganin an ce funfuna ya sa ki gwada da wake ko masarar da ta yi hunhuna a ɗaki. Koji na da 'yar'uwa, Aspergillus flavus, mai fitar da gubar da ke lalata hanta. Ki duba lambar NAFDAC, kuma in akwai mai hawan jini a gida ki rage hannu, don babban cokali ɗaya na soya sos ya kusa rabin gishirin yini.